Ƙullutu a Nono Wanda Ba Kansa Ba: Laccar Kumburin Jijiyar Jini

Assalamu alaikum iyayena mata da 'yan uwa, na baya kuna jina? Toh madalla.

Mace tana shafa ƙullutu a nononta abin da zai fara faɗo mata a rai kansa ce, kuma tana da gaskiya, dole a fara bincika wannan ɗin. Amma yau wata cuta na kawo muku wacce ba safai ake ganinta ba, likita ma sai ya gama aikinsa har ritaya bai ci karo da ita a nono ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa bangon jijiyar jini, bangon ya kumbura yayi kauri hanyar jinin ta tsuke. Ana ce mata cutar Horton, sunan likitan Amurka da ya bayyana ta a 1932, asali a jijiyar gefen goshi aka santa, sai a 1950 wani likita Waugh ya rubuta labarinta a nono.

Galibi matan da suka haura 50 take kamawa, waɗanda al'ada ta ɗauke musu. Ƙullutun yana ciwo, sau da yawa nonon duka biyu, ga zazzaɓi ƙasa-ƙasa ga kasala ga rama, wata da asuba kafaɗunta sun sandare ko ɗankwali bata iya ɗaurawa. Kunga duk wannan ai kama yake da cutar kansa, shi yasa akwai matan da sai da aka yi musu tiyata sannan aka gane, wallahi wannan yana min ciwo. Hoton nono kaɗai baya rabewa, sai an haɗa da gwajin jini na ESR da CRP masu nuna kumburi a jiki, sannan a ciri ɗan nama a duba jijiyar a madubin likita.

Magani akwai, prednisolone ne, cikin kwanaki mace take jin sauƙi amma shan yana ɗaukar watanni har ya wuce shekara, kuma yana iya tada suga da hawan jini ya raunana ƙashi, don haka ba'a saya da ka, ba'a yanke shi rana ɗaya. Tun 2017 akwai wani maganin ma, tocilizumab.

Hajiya ki riƙe min wannan don Allah. In ga ƙullutun kuma ga sabon ciwon kai, ko muƙamuƙi na gajiya wajen tauna, ko ido ya fara dishi-dishi, ranar za'a tafi asibiti kar a kwana, domin idon da cutar nan ta kashe da wuya ya dawo.

Toh mai tambaya ta ɗaga hannu.