Buhu Ɗaya da Ƙulli Dubu Ɗari: Lacca Kan Kwafin Fayiloli Masu Yawa a Kwamfuta

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zaman ƙara wa juna sani na masu gyaran kwamfuta da masu shagunan hoto da buga takardu. An rage maimaici da doguwar gaisuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena, 'yan'uwa abokan sana'a, barkanmu da war haka.

Zan fara da abin da ya faru a kan teburina. Wani bawan Allah mai shagon hoto ya shigo mini da kwamfutarsa a hammata, da filasha a aljihun gaba. Aikin shekara shida ne a cikin kwamfutar: biki, suna, saukar karatu, fasfo na 'yan makaranta. Da ta cika sai ya sayo filasha, an rubuta 1TB a jikinta, wato kusan 1,000GB, kuɗin da ya biya kuwa ko mai 64GB ta ƙwarai ba zai saya ba. Ya zaɓi foldodin gaba ɗaya, ya danna Cut, ya danna Paste, ya kulle shago ya tafi gida. Da safe ya tarar an gama. Ya leƙa, ga foldodi, ga sunaye reras. Sai bayan mako biyu wata amarya ta aiko a sake wanke mata hotuna, ya danna na farko ya ƙi buɗewa, na biyu haka, na goma haka. Ina kallonsa yana share gumi da hularsa, alhali fanka tana kaɗawa a kansa. Mun ceto wasu daga rumbun kwamfutar, wato ma'ajiyar da take adana fayiloli a ciki, sauran sun tafi, domin a cikin mako biyun nan ya zuba sabon aiki a gurbinsu.

Zan dawo kan filashar tasa. Amma bari mu fara da ƙorafin da kowa ke yi, wato jan ƙafa.

Kowa a ɗakin nan ya taɓa tura fim mai 2GB ya wuce cikin minti ɗaya ko biyu, sannan ya tura foldar hotuna ko takardu mai nauyi iri ɗaya ta kwana tana tafiya. Sai mutum ya ce filashar ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Ka ɗauki ɗan dako ka ce ya kai maka buhun masara mota, sahu ɗaya ya gama. Yanzu ka ƙulla masarar nan a leda ƙulli-ƙulli, ka ce kowane ƙulli sai an rubuta shi a littafi, an nemo masa gurbi a motar, mai gadi ya kwance ya duba ya ɗaure, sannan a sa hannu. Nauyin bai ƙaru ba, amma yini zai yi.

Haka kwamfuta take yi wa kowane fayil. Sai ta buɗe na asali, ta ƙirƙiri sabo a can, ta rubuta sunansa a kundin rumbun, ta ware masa gurbi, ta zuba abin da ke ciki, ta sa masa kwanan wata, ta rufe. Manhajar kariya daga bairos kuma tana tsaye a ƙofa, kowane fayil sai ta bincike shi. Mu yi lissafi tare. Fayil ɗaya mai 10GB, idan ana tura 30MB a daƙiƙa, kamar yadda ake samu a tsohuwar kafar USB 2.0, minti biyar da rabi ne. To ku raba 10GB ɗin nan zuwa fayil 100,000, kowanne 100KB. Mu ƙaddara hidimar kowanne ta ci kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa kawai. Daƙiƙa 5,000 ke nan, awa ɗaya da minti 23 a kan hidima zalla, ba a ma sa lokacin zuba kayan ba.

Idan rumbun mai faifai ne abin ya fi muni. Faifan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, akwai kuma wani ɗan hannu da ke kai da komo a kansa yana karatu da rubutu. Duk ƙaura daga wuri zuwa wuri tana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Babban fayil a jere yake, hannun ba ya yawo. Ƙananan fayiloli kuwa a warwatse suke, shi ne ƙarar ƙas-ƙas-ƙas da kuke ji idan kuka kara kunne. Don haka, don Allah, ku daina buɗe kwafi uku ko huɗu lokaci guda a kan rumbu ɗaya kuna zaton za a fi sauri. Hannun guda ɗaya ne, kun raba masa hankali ne kawai. Shi ma lokacin da Windows ke nunawa, yanzu minti biyar, an jima awa uku, daga nan yake. Da saurin da take gani a yanzu take yin hasashe, da ta fita daga manyan fayiloli ta faɗa cikin ƙanana sai lissafin ya rushe.

Maganin wannan a fili yake: a mayar da ƙullin cikin buhu. Ka tattara foldar ta zama fayil ɗaya na zip, ko da manhajar 7-Zip, ka zaɓi Store don kada ta ɓata lokaci wajen matsewa, tunda hotuna da bidiyo a matse suke tun asali. Sai dai ga wani abu da ya shafe mu musamman. Wasu tsofaffin manhajojin zip ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, ba su san rubutun Larabci da ajami ba. Ka sa wa fayil suna "ƙasida", a warware a wata kwamfutar ka ga alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana. Idan sunayenka na da irin waɗannan haruffa, tsarin 7z na manhajar 7-Zip ya fi aminci.

Jan ƙafa dai haƙuri ke maganinsa. Wanda ya fi ciwo shi ne kwafin da ya tsaya a tsakiyar hanya.

Waɗanda suka yi zamanin Windows XP za su tuna. Fayil ɗaya ya ƙi karantuwa, sai dukan aikin ya tsaya cak, ba ka san wanne ya wuce ba, wanne ya rage. Windows Vista ta kawo zaɓin tsallake fayil mai matsala, amma ita ma ta sha suka kan nawar kwafi, har sai da aka gyara a Service Pack 1 a 2008. A Windows 8, cikin 2012, aka samu damar dakatar da kwafi a ci gaba daga baya. An samu ci gaba ƙwarai. Amma har gobe za ka iya barin aiki da daddare ka dawo da safe ka tarar da akwatin tambaya yana jiranka.

Me ke tsayar da shi? Na farko da na fi gani shi ne tsawon suna. A al'adar Windows, cikakken adireshin fayil, tun daga harafin rumbun, kamar C ko D, da sunayen duk foldodin da ke hanya, har sunan fayil ɗin kansa, ba ya wuce harafi 260. Mu kuma muna son folda cikin folda: "Ayyukan shago", ciki "Tsohuwar kwamfuta", ciki "Bukukuwan 2019", ciki sunan ango da amarya da unguwarsu. A inda yake zaune ƙila bai kai iyaka ba, amma da ka kwafe shi zuwa cikin wata folda mai zurfi sai adireshin ya ƙaru ya haura. Microsoft ta buɗe hanyar ɗage wannan iyaka a Windows 10 tun 2016, amma sai an kunna ta, kuma ba kowace manhaja ke amfana da ita ba. Abin da nake yi shi ne in buɗe folda a bakin ƙofar rumbun, in sa mata suna gajere, harafi biyu ko uku, in zuba a nan.

Sai tsarin da aka yi wa filasha ko memori fomat da shi. Yawancin memori daga 32GB zuwa ƙasa da FAT32 suke zuwa, tsari ne da ya fito tun 1996. Kowa ya san ba ya karɓar fayil da ya kai 4GB, shi ya sa bidiyon biki yake ƙin shiga ko da akwai fili. Abin da ba a cika sani ba shi ne yana da iyakar adadi ma. Folda ɗaya a FAT32 gurbin suna 65,536 gare ta, kuma dogon suna yana cin gurbi fiye da ɗaya: kowane harafi 13 gurbi guda, sannan a ƙara ɗaya. Ku dubi yadda WhatsApp ke sa wa hoto suna, IMG, kwanan wata, WA da lamba, harafi 23 ne, gurbi uku ke nan. Wato da hotuna sun kusa 22,000 folda ta cika, kwamfuta ta ce ba za ta iya ƙirƙirar fayil ba, alhali filashar ko rabi ba ta yi ba. Masu tura fina-finai da waƙoƙi da karatu a waya, wannan naku ne. Ku rarraba cikin foldodi, ko ku koma exFAT, wanda ya fito a 2006, Windows da Mac duka suna karanta shi suna rubutu a kai. Idan rumbun a kan Windows kaɗai zai yi aiki, NTFS ya fi jure ɗaukewar wuta.

Idan kayan daga Linux suka fito, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta daban da Windows, akwai ƙarin tuntuɓe. Windows ba ta yarda da alamar tambaya ko tauraro ko ɗigo biyu a cikin suna ba. Sannan a Linux "Hoto.jpg" da "hoto.jpg" fayiloli biyu ne daban, a Windows kuwa ɗaya ne, sai ɗaya ya nemi danne ɗaya.

To yanzu in koma kan mai hoto. Nasa kwafin bai yi jan ƙafar da za ta ba shi tsoro ba, bai tsaya ba, bai nuna kuskure ko ɗaya ba. Filashar jabu ce. An sauya bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ta riƙa cewa ita 1TB ce, alhali ainihin cikinta ɗan kaɗan ne. Tana karɓar duk abin da aka miƙa mata tana cewa ta ajiye. Sunaye suna shiga kundi, kayan kuwa da an wuce ainihin girmanta sai su bi iska. Windows kuma ba ta komawa ta karanta abin da ta rubuta don ta gwada da na asali. Da filasha ta ce ta karɓa, magana ta ƙare. Shi kuma Cut ya danna, saboda haka duk fayil ɗin da filashar ta ce ta karɓa sai a goge shi daga gida. Wannan ne ya fi ci mini rai a lamarin, domin da Copy ya danna da ko hoto ɗaya bai rasa ba.

Akwai manhaja ta kyauta mai suna H2testw, a Linux kuma F3. Tana cika filasha da bayanai har baki, ta dawo ta karanta, ta faɗa maka girmanta na gaskiya. Tana cin lokaci, amma duk sabuwar filasha da ta shigo shagona sai ta bi ta nan kafin amanar wani ta shiga cikinta.

Ga babban aiki kuwa, ni na daina ja da sakewa da linzami. Akwai umarni mai suna Robocopy, yana cikin kowace Windows tun daga Vista. Ba ya damuwa da iyakar harafi 260. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, ka sake ba shi umarnin nan dai, zai tsallake waɗanda suka riga suka wuce ya ɗora daga inda ya tsaya. A ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama, wannan kaɗai ya isa dalili. Ku rubuta waɗannan zaɓuɓɓuka da ake ƙara wa umarnin. /E yana kwashe dukan foldodin ciki. /LOG yana rubuta maka rahoto, da safe ka karanta ka ga waɗanda suka gaza. Sai /R:2 da /W:5, kada ku manta da su. Idan ba ka sa su ba, Robocopy zai gwada fayil mai matsala har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Ku lissafa, ya kusa shekara guda a kan fayil ɗaya. Kuma ina roƙonku da /MIR. Yana mayar da inda kake kai kayan daidai da foldar asali, ma'ana duk abin da ya tarar a can wanda babu shi a asalin zai goge shi. Ka juya adireshin biyu bisa kuskure, ka share ajiyarka da hannunka. Masu Linux da Mac kuna da rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, irin wannan aikin yake yi.

Bayan an gama, ka danna Properties a kan foldar asali da kwafinta, ka gwada adadin fayiloli da adadin foldodi da layin Size. Kada ka bi Size on disk, wannan yana bambanta daga rumbu zuwa rumbu. Amma ku lura, filashar mai hoto za ta ci wannan jarrabawar, tunda sunaye da girma duk suna nan. Sai ka cire ta ta hanyar Eject, ka sake sakawa, ka buɗe fayiloli daga farko da tsakiya, musamman na ƙarshe. Idan kayan masu daraja ne, TeraCopy da FastCopy suna da zaɓin Verify, su karanta kwafin su gwada da asali. Asalin kuma ka bar shi a wurinsa har sai kana da kwafi biyu a rumbu biyu daban.

Na ga hannu a baya. Bismillah, Malam.

Tambaya: Allah ya saka da alheri, Malam. Ni daga waya nake kwasar hotunan mutane, sai ta yi rabi ta katse. Ina laifin yake?

Amin, na gode. Wayar Android ba ta shiga kwamfuta a matsayin filasha, wata hanya take bi mai suna MTP, kuma aiki ɗaya take yi a lokaci guda. Shi ya sa ko buɗe folda mai hoto dubu goma sai ka yi ta jira. Robocopy ma ba ya ganinta, tunda ba ta da harafin rumbu. Ka tabbatar allon wayar a buɗe yake, ka canza kebul mai kyau gajere, ka sa a kafar da ke bayan kwamfutar, ka hana kwamfutar yin barci har a gama. Sannan ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, wata-wata, kana ƙirgawa. Idan hotunan a memori suke, kashe wayar ka zare shi ka sa a kad-rida, zai fi sauri nesa ba kusa ba.