Yadda za ka haɗa tambayar bincike a PubMed, ka kuma ajiye ta

Assalamu alaikum, 'yan uwa ɗalibai da likitoci masu neman ƙwarewa.

A ce kana Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, malaminka ya ce ka tattaro abin da aka rubuta kan maganin hydroxyurea ga yara masu sikila. Inda za ka fara dosa shi ne PubMed, rumbun da ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka ya buɗe a 1996. Kyauta ne, kuma bayanan takardun da ke ciki sun haura miliyan 35.

Kada ka zuba masa jimla guda doguwa. Wanda ya shiga Kantin Kwari yana cewa "ina neman kaya", yini zai yi yana zagaye. Raba tambayar gida uku: cutar, maganin, masu ciwon.

Kowane gida ka nema shi kaɗai. A nan ne aikin yake. Marubuta ba sa kiran abu da suna ɗaya. Wani ya rubuta hydroxyurea, wani hydroxycarbamide, alhali magani ɗaya ne. Sai ka haɗa su da OR, wato ko wannan ko wancan. Sannan ka leƙa MeSH, ƙamus ɗin da suke yi wa takardu laƙabi da shi tun 1960. A can sunan sikila "Anemia, Sickle Cell". Amma fa kada ka dogara da MeSH kaɗai, don ba kowace takarda ce ke ɗauke da laƙabinsa ba. Haɗa shi da kalmomin da ke kanun takarda da taƙaitawarta.

Yanzu shiga shafin Advanced. Kowane gida ya samu lamba a tarihin neman da ka yi, wato History. Ɗaure su da AND, wato da wannan da wancan. Da manyan baƙaƙe ake rubuta AND da OR da NOT. Shi kuwa NOT, wato ban da wannan, ni dai ina tsoronsa: ka ce ba ka son manya, sai ya watsar da takardar da ta haɗa yara da manya.

Saura ajiya. Tarihin nan da kake gani ba ma'aji ba ne. Awa 8 ka yi ba ka taɓa shi ba, ya goge. Ka kwana a bakin aiki a asibiti, ka dawo, wayam.

Don haka buɗe asusun My NCBI, wato ma'ajinka a PubMed, ana iya shiga da Google ko ORCID, lambar shaidar masu bincike. Danna Create alert a ƙasan akwatin nema, ka ba shi suna, ka zaɓi a riƙa turo maka sabbin takardu ta imel kullum, ko mako-mako, ko wata-wata. Sai kuma ka kwafe tambayar yadda take cikin fayil, da ranar da ka yi neman da adadin da ya fito, domin ranar kare aiki za a tambaye ka su.