Darasi: Me ake nufi da "film noir"?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kalmar film noir za mu ɗauka. "Nuwar" ake furtawa. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba sai an faɗa musu ba, noir a Faransanci baƙi ne.

Finafinan na Amurka ne, amma Faransawa ne suka raɗa musu suna. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, an hana shigar da finafinan Hollywood. Bayan yaƙin ya ƙare, sai suka isa Paris a jere a 1946: The Maltese Falcon na 1941, Double Indemnity da Laura na 1944. Wani mai sharhin finafinai, Nino Frank, ya ga duhun da ke cikinsu ya kira su da wannan suna. Su kansu masu shiryawa a Amurka ba su san da sunan ba.

To, a nan mutane ke ruɗewa, ku saurara da kyau. Ba kowane fim mara kala ne nuwar ba. Ba kowane fim ɗin 'yan sanda da ɓarayi ba ne kuma. Ku ɗauki Double Indemnity. Ma'aikacin inshora ne ya haɗa baki da wata mata su kashe mijinta don kuɗin inshora. Tun farkon fim ɗin yana zaune da harbi a jikinsa yana amsa laifinsa. Wato ka riga ka san ya halaka, abin da kake kallo shi ne yadda kwaɗayi ya ja shi mataki-mataki. Jarumin da hannunsa ba shi da tsabta, birnin da cin hanci ya cinye, ƙarshen da babu murna. In babu wannan, ko allo ya yi baƙi ƙirin, ba nuwar ba ne.

Hasken kuwa, bari in nuna muku. Kashe fitilar sama. Fitila ɗaya tak a gefe... a'a, ta yi ƙasa, bari in ɗaga ta. Yauwa. Kun ga rabin fuskata ya nutse? Ni na fi son in sa kwali mai tsagi-tsagi a gabanta, inuwar ta kwanta a bango kamar sandunan kurkuku. Daraktocin da suka gudo daga Berlin zamanin Hitler, irin su Fritz Lang da Billy Wilder, sun taimaka ƙwarai wajen kawo wannan salo.

Yau kalmar ta shiga bakin kowa. Akwai neo-noir, wato sabon nuwar, kamar Chinatown na 1974, mai kala ne ma. Akwai Nordic noir na ƙasashen Suwidin da Denmark. Masu iPhone kuma kun san akwai filta mai suna Noir a wajen gyaran hoto, kala kawai take cirewa ta ƙara duhu.

Masu tambaya kan ajin haske, ranar Asabar muke, ku zo da fitilarku da kwali.