Baƙar Wayar Caja: A Kan Batir Ko A Jikin Mota?

[Mota lulluɓe da ƙura a cikin gida. A murɗa makulli.]

Ku saurara. Ƙas, ƙas, ƙas. Shi ke nan, batir ya kwanta. Motar nan lafiyarta lau, laifinta kawai ta yi sati huɗu a ajiye.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 irin waɗannan motoci suka yi yawa a gidaje. Maigida ya koma hawa babur, mota sai ranar Juma'a ko ranar biki. Wani kuma ya tafi aikin Hajji, ya dawo ya tarar sai an tura. To mota ko a kashe take ba ta daina shan wuta. Agogo, na'urar ƙararrawa, kwamfutarta, duk suna tsotsa kaɗan-kaɗan, kamar miliyam 20 zuwa 50 (miliyam dubu ne amfiya ɗaya). Ka ɗauki 50 ɗin ka lissafa wata guda, ya kai amfiya-awa 36, alhali batirin ƙaramar mota duka-duka bai wuce 60 zuwa 70 ba. Ga zafin bazara da ke ƙara zuƙe shi. Batir irin na dalma kuwa ba ya yafe zama ba caji, farantan cikinsa sukan yi ɓawon da ba ya narkewa, daga nan sai sabo.

Maganin shi ne 'yar wayar nan. Ana ɗaure ta sau ɗaya a mota, a bar bakinta a inda hannu zai kai, kullum ka ajiye mota sai ka jona ƙaramar caja, ba buɗe bonet, ba neman inda za ka maƙala kilif. Ga yadda take: zobba biyu, ja da baƙi, fiyus a jikin jan, sai baki mai murfin roba. Kamfanin CTEK na yin irinta, NOCO da Battery Tender ma haka, mai wayarin ma zai iya haɗa maka.

Ɗaurawar ba ta kai minti ashirin ba. Amma tun da wani bidiyo ya zagaya, wanda aka ɗaure wayoyin biyu duka a kan batir, gardama ta ƙi ƙarewa. Wasu sun ce daidai ne, haka muka gada. Wasu sun ce an lalata mota. Kowa da gaskiyarsa, sai dai ba mota ɗaya suke magana a kai ba. Bari mu gama da masu sauƙin tukuna.

[Hannu da sifana a kan batir.]

Kashe mota, zare makulli, cire agogo da zobe daga hannunka. Jar waya tana zuwa kan batir mai alamar tarawa. Sifana lamba 10 ce a yawancin motoci. Kwance notin kawai, saka zoben, mayar, ɗaure. Kada ka ɗaga kan batirin gaba ɗaya, don wasu motocin za su manta saitinsu, rediyo ya fara tambayarka lambar sirri da ba ka taɓa gani ba. Ka kula kada gindin sifana ya taɓa ƙarfen mota yayin da bakinta ke kan jan. Wanda ya taɓa ganin wannan tartsatsin ba sai an sake faɗa masa ba.

Fiyus ya zauna kusa da batir, kada ya wuce tsawon tafin hannu. Ba cajar yake karewa ba, wayar yake karewa, don ranar da ta goge ta taɓa bodi fiyus ne zai mutu a madadin motar. Amfiya 7.5 zuwa 15, gwargwadon kaurin waya. Idan mai wayarin ya ce bari ya naɗa siririn jan ƙarfe a wurin, ka karɓi motarka ka yi masa sallama.

To, ga baƙar.

[Kyamara ta matso kan batir mai alamar ɗebewa.]

Tsaya nan, kada ka ɗaura komai. Dubi kan batirin da kyau. A wannan tsohuwar motar, waya mai kauri ce kawai ta fito daga kan batir ta tafi jikin bodi. Ba komai a tsakani. Irin wannan, ɗaura baƙin zobenka a kan batir, ka tafi harkarka. Masu cewa haka muka gada, ga motarku.

Yanzu dubi wannan. Ka ga ɗan akwatin nan baƙi da ke manne da kan batirin, da wata siririyar waya mai soket a gefensa? Wannan ne ya raba gardamar. Sensar batir ke nan. BMW sun daɗe da saka ta, Mercedes da Volkswagen da Ford ma haka, Honda Accord ta 2013 zuwa sama tana da ita, kuma kusan duk motar da ke kashe injinta da kanta a danja ta sake tashi, za ka same ta. Da yawa daga motocin da ake shigo mana da su yanzu suna ɗauke da ita, masu su ba su ma sani ba.

Aikinta na akawun sito ne. Yana zaune a bakin ƙofa da littafi, buhu ya shiga ya rubuta, buhu ya fita ya rubuta. Ba ya leƙa ciki ya ƙirga, da littafin yake aiki. Haka sensar nan. Duk wutar da za ta shiga batir ko ta fita, dole ta ratsa ta cikinta, tsakanin kan batir da wayar da ta tafi bodi. Tana auna ƙarfin wutar, tana auna zafi, tana kai wa kwamfutar mota rahoto: batir ya cika, ko saura rabi, ko ya fara tsufa. Da wannan rahoton kwamfuta ke gaya wa altaneta yawan cajin da za ta bayar.

To idan ka ɗaure baƙar wayarka a kan batirin kansa, wato ta bayan sensa, ka shigo da kaya ta kan katanga ke nan. Sito ya cika maƙil, littafin akawu kuwa yana cewa saura rabi. Mu da muka san masu zagaye mitar wuta a unguwa ba sai an yi mana dogon bayani ba, sai dai a nan kanka kake yi wa.

Me zai biyo baya? Ba gobara ba, kada wani ya tsorata ku. Batir zai yi caji sarai. Kwamfuta ce za ta zauna da lissafin ƙarya. Sai ka ga mota ta daina kashe kanta a danja, ko ta rubuto maka cewa batir ya yi ƙasa alhali yanzu ka cire caja, ko ta riƙa kashe rediyo da fitilun ciki da wuri don tana tattalin wutar da take zaton babu. Altaneta kuma ta yi ta tura caji a batirin da ya riga ya ƙoshi. Wasu motocin sukan gyara lissafin da kansu idan suka kwana a kashe ba a taɓa su ba, shi ya sa wani zai rantse ya yi shekara yana yin haka bai ga komai ba. Na yarda da shi. Amma ni ban ga dalilin yin caca da batirin AGM ba, irin wanda ake saka wa motocin da ke kashe kansu a danja, kun dai san kuɗinsa yau, alhali gyaran noti ɗaya ne.

[Yatsa na bin waya mai kauri.]

Ga notin. Bi wayar nan mai kauri daga sensa har inda ta ɗauru a jikin mota. Nan ne wurin baƙin zobenka. Ko wani noti mai ƙarfi a jikin bodi ko injin, wanda ƙarfensa ke fili. Ta haka wutar caja za ta bi bodi, ta ratsa sensa, sannan ta isa batir. Ta ƙofa ta shiga, akawu ya rubuta.

Fenti ba ya wuce da wuta, tsatsa ma haka. Goge wurin har ya yi ƙyalli kafin ka ɗaure, ka shafa ɗan giris a kai. Kada ka zaɓi notin da ke riƙe da roba, ko na kusa da bututun mai. Kuma kada ka danne sensar da sifana, ba ta da ƙwari.

Motar da batirinta ke cikin but ko ƙarƙashin kujera, masu ita sun hutar da kai. Buɗe bonet, za ka ga jan murfi mai alamar tarawa, da wani ƙarfe tsirara a gefe. Don haka aka yi su. Littafin motar ma ya nuna, in dai bai ɓace tun a tashar jirgin ruwa ba.

[Mita a bakin wayar.]

Gwaji. Saka mitar awon wuta a bakin wayar. Batir mai lafiya da ya huta zai nuna volt 12.6 ko kusa. Idan ka ga 12.2, rabi ne. Idan ba ka ga komai ba, ko fiyus ko fenti. Idan lambar ta fito da alamar ɗebewa a gabanta, an juya wayoyin. Wannan yakan faru da bakin nan mai hanci biyu da ake kira SAE, musamman idan farantin sola za ka jona, domin ba duka ake haɗa su ta fuska ɗaya ba. A ɓangaren mota, hancin da ke tsirara shi ne baƙi, na cikin roba shi ne ja. Sola kuma a saka mata kwantirola, wato na'urar daidaita caji, a tsakani.

Bi da wayar nesa da fanka, da bel, da salansa, ka ɗaure ta da igiyar roba, ka fito da bakin ta ragar gaba. Rufe murfin, ƙurar hunturu ba ta da kunya.

Cajar kanta, nemi mai rage wuta da kanta idan batir ya cika, ta tsaya wajen volt 13 da ɗoriya. Babbar cajar masu cajin batir na bakin titi ba ta wannan siririyar waya ba ce. Duba bayanta kuma: wadda aka yi wa kasuwar Amurka sau da yawa volt 120 kawai take ɗauka, tamu wutar 230 ce. Ka tambaya ko tana ci gaba da kanta idan an ɗauke wuta an dawo da ita, don in sai an danna mata maɓalli, a garin nan ka samu sabon aiki.

Jona a mota tukuna, sannan a bango. Cirewa kuma bango ne farko.

[Tsumma ja a kan sitiyari.]

Wannan tsumman ba na goge gilashi ba ne. Duk ranar da na jona caja sai na ɗora shi a nan, tun ranar da na yi ribas na ja caja da soket har bakin get.