Tarihin unguwa yana cikin akwatin tsofaffinta

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Kwanakin baya wani dattijo da na sani ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da 'ya'yansa suka zo share ɗakinsa sai suka ciro wata tsohuwar akwati daga ƙarƙashin gado, cike da wasiƙu da hotuna da kasa-kasai, da wani littafi da ya yi shekaru yana rubuta abubuwan da suka faru a unguwarsu: shekarar da ruwa ya ci gidaje, ranar da aka jawo wutar lantarki, wanda ya fara gini a layin. Suka ce tarkace ne, suka cinna masa wuta. Da na yi magana, babban ɗan ya ce mini, "Ai Baba ba wani shahararre ba ne, wa zai karanta?"

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Wa zai karanta? Jikokinsa mana! Da duk wanda zai tashi nan da shekara hamsin yana son sanin yadda wurin da aka haife shi ya samo asali. Takardun hukuma za su gaya masa ranar da aka yanka filaye. Ba za su gaya masa matar da ta karɓi haihuwar rabin yaran layin ba, ko mutumin da ya ciyar da maƙwabta lokacin da abinci ya yi wuya. Wannan yana bakin tsofaffi da cikin akwatunansu, kuma babu wanda zai zo ya tattara mana shi.

Na san abin da wasu za su ce, wai adana tarihi aikin gwamnati ne da masana, a bar musu. To, a ranar 2 ga Satumba 2018 gobara ta tashi a babban gidan tarihin ƙasar Brazil da ke Rio de Janeiro, inda aka tara kaya kusan miliyan 20, mafi yawansu suka ƙone a dare guda, har da muryoyin da aka naɗa na harsunan 'yan asalin ƙasar. Bayan wuta ta mutu, wa aka koma roƙo? Jama'ar gari, cewa duk mai hoton da ya ɗauka lokacin ziyara ya taimaka ya aiko. A Tumbuktu ta ƙasar Mali kuwa, a watan Janairu 2013 'yan bindiga sun ƙona rubuce-rubucen hannu wajen 4,000 a Cibiyar Ahmed Baba, inda ake adana irin waɗannan rubuce-rubuce. Amma fiye da 300,000 sun tsira, domin iyalai ne ke riƙe da su, kuma su suka zuba su a akwatunan ƙarfe, a mota da kwalekwale, har Bamako, bisa jagorancin Abdel Kader Haidara, wani mai kula da ɗakin karatu a garin. Ba na raina masana, muna buƙatarsu ƙwarai. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Misalin da ya fi ratsa ni shi ne na unguwar District Six a birnin Cape Town. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ce unguwar ta zama ta farar fata zalla, aka kori mutane sama da 60,000, aka bi gidajensu da buldoza. Hukumar da ta rushe wuri ai ba ita za ta ajiye labarinsa ba. Mutanen da aka kora su suka haɗa kai, a 1994 suka buɗe gidan tarihi a wata tsohuwar majami'a. Suka shimfiɗa taswirar unguwar a daɓen ɗakin, kowa ya durƙusa ya rubuta sunansa daidai inda gidansu yake a da. Suka kawo hotunan iyali, aka rataye allunan sunayen tituna da wani mai aikin rusau ya ɓoye. Ba su jira kowa ba.

Tun 1960 marubucin ƙasar Mali Amadou Hampâté Bâ ya faɗa a zauren UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa mutuwar tsoho tamkar ƙonewar ɗakin karatu ce. Shekara sittin da ɗoriya ana maimaita zancen a taruka, a tafa, a watse. Haba jama'a! Har yaushe?

Aikin nan fa bai fi ƙarfinmu ba. A ware rana guda, a nemi ɗaki a makaranta, kowa ya zo da abin da yake da shi. A ɗauki hoton abin da waya a mayar wa mai shi nan take, don mutane ba sa son rabuwa da kayan iyayensu, kuma suna da gaskiya. A rubuta wane ne a hoton, ina ne, wace shekara, domin hoton da ba suna kurma ne. A zaunar da tsohuwa a kunna rikoda a bar ta ta yi magana. A ajiye kwafi a wurare uku dabam-dabam, don waya tana ɓata, kaset yana lalacewa, na'urar sauraronsa ma tana wuyar samu.

Abu ɗaya nake shakka a kai. Cikin wasiƙu akwai sirrin iyali, akwai tsohuwar gaba da ta kwanta. Dole mai abu ya yarda kafin a ɗauka, ya kuma faɗi abin da za a nuna da wanda za a rufe. Masu cewa tsofaffi suna mantuwa kuwa, sai a tambayi mutum uku a gwama. Takardar ofis ma tana kuskure.

Daga akwatin dattijon nan hoto ɗaya na iya cirowa, gefensa ya babbake. Mutum bakwai ne a tsaye gaban wani gini da yanzu babu shi, kuma 'ya'yan mamacin ba su gane kowa ba sai mahaifinsu. An ce mini saura tsohuwa ɗaya a layin da za ta iya sanin sauran shidan. Gobe da safe in Allah ya kai mu zan je wurinta da hoton da wayata.