Dalilin da Ya Sa Ake Tura Jirage Su Auna Iskar da Ke Nesa da Mutane

Masu kallo, assalamu alaikum. Idan hunturu ya kankama a Kano, hazo yakan lulluɓe Dutsen Dala, wani lokaci ma ya hana jirage sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Mai yawa daga cikin wannan ƙura tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Ita ido yana ganinta, amma akwai wasu nau'o'in iskar gas da ke tafiya tare da ita waɗanda sai na'ura ce ke gane su.

Kashi 78 cikin ɗari na busasshiyar iska naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin. Iskar metan kuwa, wadda ita ce mafi yawa a cikin iskar gas da ake haƙowa, kusan kashi 2 ce cikin miliyan, ozon (wani nau'in oksijin) da ke kusa da ƙasa ma bai kai haka ba, amma duk da ƙarancinsu suna da hannu a ɗumamar duniya da lafiyar huhunmu.

Abin da ke rage metan wani sinadari ne mai suna haidroksil, wanda masana ke yi wa laƙabi da sabulun sararin sama. Yana samuwa ne idan hasken rana ya farfasa ozon a inda akwai tururin ruwa, don haka ya fi yawa a yankunan zafi, inda rana ke da ƙarfi kuma iska ke da laima. Rayuwarsa ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ba, saboda haka ba a iya zuba shi a kwalba a kai ɗakin gwaji. Dole na'urar ta je inda yake, kuma akasarin wurin saman teku ne, inda tashoshin awo ba su da yawa. Tauraron ɗan'adam yana hango faɗin duniya, sai dai yana shan wuya wajen tantance abin da ke kowane tsayi.

Nan jirgi ke da amfani. Tsakanin 2016 da 2018, hukumar NASA ta Amurka ta gudanar da shirin ATom, inda jirginta ƙirar DC-8 ya ratsa tekun Fasifik da na Atilantika sau huɗu, sau ɗaya a kowane yanayi na shekara. An cire wasu tagogin jirgin an dasa bututun da ke zuƙo iskar waje zuwa na'urori. Matuƙi yakan sauko har kusan mita 200 daga saman ruwa, sannan ya haura zuwa wajen kilomita 12, ya sake saukowa, haka dai har ƙarshen tafiya. A can tsakiyar Atilantika sun tarar da hayaƙin dajin da ake ƙonawa a Afirka, abin da ya nuna cewa nisan wuri ba ya tabbatar da tsabtar iskarsa.

Mu ma an yi irin wannan aiki a maƙwabtanmu. A daminar 2006, ƙarƙashin shirin binciken daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA, wani jirgin binciken Birtaniya ƙirar BAe-146 ya riƙa tashi daga Yamai, har ya kewaya Legas ya auna gurɓatacciyar iskar birnin. Abin da ya fi jan hankali a ganina shi ne abin da ya gano a Sahel: idan ruwa ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke cikinta sukan farfaɗo su fitar da sinadaran naitirojin oksaid, waɗanda rana ke sarrafawa su haifar da ozon. Jirgin ya auna ƙaruwar waɗannan sinadarai a saman wuraren da ruwa bai daɗe da jiƙawa ba, alhali babu masana'anta ko cunkoson motoci a kusa. Irin waɗannan alƙaluma ne ake gwada lissafin kwamfuta da su kafin a amince da hasashen da yake bayarwa game da sauyin yanayi.