Maganin Tayirod da Jini: Zazzaɓin da Ba A Kwana da Shi

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, cutar da za mu tattauna yau a wuya take, amma maganarmu a kan jini za ta tsaya.

Idan tayirod, 'yar halittar nan da ke gaban maƙogwaro, ta wuce gona da iri wajen aiki, sai mutum ya riƙa ramewa alhali yana ci, zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, ga gumi. Magungunan da ake kwantar da ita da su uku ne: carbimazole, methimazole da propylthiouracil. Na farkon ma in ya shiga jiki, rikiɗewa yake ya koma na biyun. Magunguna ne masu amfani ƙwarai, kada wani ya fita daga nan ya watsar da nasa don tsoro.

To amma cikin mutum 1,000 da ke sha, akan sami kamar 2 zuwa 5 da maganin ke taɓa musu ɓargo, inda ake ƙera jini. Sai fararen ƙwayoyin jini, dakarun da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, su faɗi warwas. Nau'in da ake kira nutrofil in ya gaza 500 a maikurolita ɗaya, wato ɗan mitsitsin ɗigon jini, jiki ya zama ba mai tsaro. Galibi a watanni uku na farko abin ke faruwa, ko lokacin da mutum ya koma kan maganin bayan hutu.

Ga abin da ya fi damuna. Farat ɗaya yake zuwa, har gwajin makon jiya ya nuna lafiya lau. Alamarsa kuma ba ta da ban tsoro: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, gyambo a baki. Sai mutum ya ce ai mura ce, ya sha farasitamol ya kwanta, ya kuma ci gaba da haɗiyar ƙwayar da ke jawo matsalar. Don Allah ku saurare ni da kyau! Mai shan wannan magani in ya ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, ya dakata da sha nan take, ya je a ƙirga masa jini a ranar, ba gobe ba. In jini ya fito daidai, likita zai ce ya ci gaba.

Akwai kuma faɗuwar ƙwayoyin daskarar da jini, mai kawo haɓo da jinin dasashi, sai dai ta fi faɗuwar fararen ƙwayoyin ƙaranci.

In an tabbatar ɓargo ya taɓu, kwanciya ce a asibiti da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, wani lokaci da allurar zaburar da ɓargo. Yawanci mako ɗaya zuwa biyu jini ke farfaɗowa. Wata baiwar Allah ta tambaye ni ɗazu ko za a iya musanya mata da ɗan'uwan maganin. A'a, hajiya, ba a yi, domin shi ma yana iya maimaita ɓarnar. Daga nan sai a magance tayirod ɗin da sinadarin aidin mai tururin nukiliya ko tiyata.